Fitilar da na ƙi kashe wa Yaya Ishaku

Shekara bakwai ke nan cif, a wannan wata na yankan dawa, da muka binne yayana Ishaku a unguwarmu Rikoto, nan Zuru. Duk shekara idan lokacin ya zagayo dangi kan taru a gidansa, a yi addu'a, a ci tuwo, a yi ta yabon halinsa, ni ma in sa baki kamar kowa. Bana ban je ba, kuma lafiyata ƙalau. Fushi nake yi, da garin nan, da danginmu, da shi kansa mamacin, da kaina fiye da kowa. Ranar Talata mai zuwa za a yi wa 'yarsa Rifkatu tiyata a cire mata ƙari daga mahaifa, kuma na ga alama abin da muka yi wa uban shi ake shirin yi wa 'yar. Shi ya sa na ɗauki biro.

Ni ce Laraba, ƙanwarsa da ke bin sa, tsohuwar malamar firamare, na yi ritaya ina shugabar makaranta. Manyan Zuru ba sai na gaya musu wane ne Ishaku ba, sai dai yawancinsu ba da wannan sunan suka san shi ba. Sajan Kashe-Fitila ake ce masa, wasu a bayan idonsa, masu ƙarfin hali a gabansa. Soja ne, kamar rabin mazan gidanmu, amma a asibitin bariki ya yi aikinsa, hannunsa ya fi sabawa da almakashi da bandeji a kan bindiga. Da ya ajiye kaki ya dawo gida, sai ya kama aikin nas a wani asibiti a nan cikin gari, a sashen da ake kwantar da waɗanda aka fito da su daga ɗakin tiyata. Ya haura shekara ashirin a wannan sashen, kuma ba na jin an yi wata guda ba a kai ƙararsa ba.

Laifinsa guda ne. Da ya gama raba maganin dare sai ya kashe ƙwayayen lantarkin ɗakin gaba ɗaya, ya bar ƙarami ɗaya a teburin ma'aikata, shi ma ya kare shi da kwali. Ya bar wa kowane majinyaci mutum ɗaya, sauran ya tasa ƙeyarsu waje. Sannan ya jawo wata 'yar kujerarsa ta katako mai ƙafa uku, ya zauna a bakin ƙofa ya harɗe hannu. Da rana ma, daga azahar zuwa la'asar, haka yake yi. Ya mayar da kansila daga wannan ƙofar, ya mayar da fasto da limami, har wani tsohon kanar da ya taɓa yin aiki a ƙarƙashinsa, sai da ya sara masa tukuna ya ce, "Ranka ya daɗe, barci yake yi, a dawo ƙarfe huɗu." Ni ce nake shan kunyar. In na fito daga coci sai mata su tare ni: "Malama, ki yi wa yayanki magana mana, asibitin na ubansa ne?" Ni kuwa, Allah na gani, sai in je in yi masa maganar.

Wanda ba ɗan nan ba ne ba zai gane girman laifin ba. Mu mutanen gayya ne. Noma da gayya muke yi, rufin ɗaki da gayya, aure ma saurayi da fartanya yake neman sa, shi da abokansa a gonar surukai shekara da shekaru. To jinya ma gayya muke yi mata. Majinyacin da aka gani shi kaɗai, balle a ce cikin duhu, an zagi danginsa ke nan har jikoki: ba shi da kowa, ko kuwa sun gaji da shi. Sannan akwai abin da ba wanda yake faɗa amma kowa yana yi, wato dubiya ba ta cika sai majinyaci ya buɗe ido ya gan ka. Mutum ya hau kabu-kabu tun daga Wasagu, ya sha ramukan hanya da fargaba, sai a ce masa mai ciwo na barci ya koma? Ina. Zai kama babban yatsan ƙafarsa ya girgiza. "Sannu. Ka gane ni? To ka ga dai na zo." Ya fita, na bayansa ya shigo ya kama wannan yatsan.

Da farko Yaya ba shi da hujja sai idonsa. Cewa yake tun a bariki ya lura, sojan da aka yi wa aiki in ya samu barci mai nauyi a ɗaki mai duhu ya fi saurin miƙewa, ɗinkinsa bai cika yin ja ya kumbura ba. Sai can a shekarunsa na ƙarshe a aiki wani likita da ya zo hidimar ƙasa ya ba shi wasu takardu ya karanta. Daga nan ya samo kalmar da ya dame mu da ita, melatonin. Na tuna ranar da ya zaunar da ni a gindin ɗorawar gonarsa, yana wasa lauje, ya yi mini darasi.

"Laraba, wuƙar likita ma wuƙa ce," in ji shi. "Jiki bai san don alheri aka yanka shi ba. Da ya ji yanka sai ya tashi faɗa, wurin ya yi zafi ya kumbura. Kaɗan ɗin nan yana da amfani, in ya yi yawa shi ke kayar da mutum. Ban da wannan, naman da aka taɓa, jini ya tsaya masa ya dawo, akwai wata guba da ke tasowa a cikinsa tana cin sa a hankali, kamar yadda tsatsa ke cin laujen nan in na bar shi a raɓa. To akwai wani ɗan abu a tsakiyar ƙwaƙwalwa, bai fi ƙwayar shinkafa ba, in duhu ya yi sai ya saki melatonin cikin jini. Shi ke jawo barci. Masu bincike suna ganin yana taimakawa wajen kwantar da kumburin nan da rage tsatsar nan ma. Haske kuwa, musamman farin nan mai ƙarfi, hana shi fita yake yi."

Na ce, "To Yaya, in haka ne a ba su a ƙwaya mana, ka huta da faɗa da mutane."

Ya ce, "Ana gwadawa a wasu wurare, ba a gama tabbatarwa ba, ni kuma ba likita ba ne. Amma wanda jikin mutum ke yi da kansa, don me zan bari a tsaya a kansa da fitila a hana shi?" Na yi dariya na ce ya dai ƙi jinin mutane ne ya samo wa abin suna da Turanci. Shi bai yi dariya ba.

Shekara biyu da ritayarsa ciwon ya zo, kuma a nan fushina da shi yake. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana yi wa mutane faɗa kan jinkirin zuwa asibiti, shi ne ya yi kwana uku cikinsa na murɗa, yana amai, bayan gida ya tsaya, ya ce sai ya ga ƙarshen yankan dawarsa. Kwana uku fa, saboda dawa. Daga gona aka ɗauko shi a dunƙule. Hanjinsa ne ya sarƙe, aka shiga da shi tiyata a asibitin da ya yi aiki, aka yanke wanda ya lalace aka haɗa sauran. Likitan ya fito ya ce aiki ya yi daidai gwargwado, amma an zo a makare, kwanakin da ke gaba su za su nuna. Matarsa ta riga shi rasuwa, don haka jinya ta faɗo a kaina, ni da Rifkatu, lokacin ba ta yi aure ba.

Sai na yi abin da na iya. Na samo farin kwali da rula da jan biro, na zana jadawali irin na darussa, na manna a ƙofa. Litinin dangin mahaifiyarmu daga Danko. Talata da Juma'a dangin marigayiya matarsa daga Wasagu. Matan zumunta na cocinmu kullum da yamma, da tulunansu na kiɗa da kacau-kacau, su yi waƙa, wai a hankali. Tsofaffin sojoji abokansa suka ce gadin dare nasu ne, bibbiyu, suna canji kamar a bariki, kuma duk wanda ya karɓi gadi sai ya taɓa kafaɗarsa ya ce, "Sajan, lafiya dai?" ya ji ya amsa, sannan hankalinsa ya kwanta. Wani ɗan kasuwa Ibo mai shagon kayan wuta, wanda Yaya ya taɓa jinyar matarsa, ya kawo sabuwar fitila mai caji, babba, mai farin haske, don kada a ɗauke wuta Sajan ya zauna cikin duhu. Da hawaye ya kawo ta. Ni na karɓa na yi godiya, na ɗora ta a kan durowa daidai kansa.

Za ku ce ina ma'aikatan asibitin? Suna nan. Yawancinsu shi ya koya musu aiki. Don girmamawa suka ba shi ɗaki shi kaɗai, inda ba wani majinyacin da zai yi ƙorafi, kuma don girmamawa ba wanda ya iya ɗaga wa dangin Oga murya. Da manomi ne daga bayan dutse wanda ba kowa ya san shi ba, da ya samu barcinsa. Kuma kada wani ya ce mugunta ce ta kawo mutanen nan. Ƙauna ce. Har waɗanda suka sha kai ƙararsa sun zo da kunu da ayaba suna kuka. Wannan ne ma ya fi ƙona mini rai, don da maƙiya ne da na san yadda zan yi da su.

Ranar kwana na huɗu, bayan magariba, matan zumunta sun fita ke nan, mutanen Wasagu na zaune a baranda suna jiran a kira su. Yaya na kwance, roba a hancinsa, idonsa ya yi ja ya zurma. Ya yafito ni da hannu, na sunkuya. Ba zan yi wa kaina ƙarya in ce ban ji da kyau ba, ko in ce zazzaɓi ne ke magana. Sarai na ji.

"Laraba, kashe fitilar nan. Ki sallami mutanen nan. Ki bar ni in yi barci, ko na dare ɗaya."

Na kashe. Na rufe ƙofa na jingina da ita. Ba a yi minti goma ba sai ga Baba Tanko, ƙanen mahaifinmu, babban gidanmu, da sandarsa. Ya tura ƙofar ya ga duhu.

"Ke Laraba, mutuwa ya yi?"

Na ce, "A'a Baba, barci yake so."

"To wa ya koya miki barin mai rai cikin duhu? Mutane sun taso tun daga Wasagu, in ce musu mi? In ce ɗan yayana na kwance anka rufe shi kamar akuya? Kunna wagga fitila."

Na kunna. Da hannuna na kunna, ba wanda ya murɗe mini shi. Ni da na yi shekaru ina tsawata wa malamai da iyayen yara, na kasa cewa a'a ga tsoho ɗaya mai sanda, saboda tsoron abin da za a faɗa a Rikoto. Yaya ya dube ni, ya ɗora hannu a kan idonsa. Mutanen Wasagu suka shigo ɗaya bayan ɗaya. Bai sake roƙona ba.

Kwana na shida zazzaɓi ya rufe shi, cikin ya kumbura ya yi tauri, ɗinkin ya fara ruwa. Kwana na tara da hantsi ya cika. Likita ya ce ƙwayoyin cuta ne suka shiga jini, jikin ya yi ta faɗa har faɗan ya cinye shi. Na tambaye shi kai tsaye, da ya samu barci da ya tashi? Ya ce ba zai iya cewa e ba, ba zai iya cewa a'a ba, hanjin ya daɗe a sarƙe. Don haka ban zo nan in ce fitila ce ta kashe yayana ba. Ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba. Abin da na sani shi ne, a kwana taran nan bai haɗa awa biyu yana barci ba tare da wani ya taɓa shi ba, kuma abu ɗayan da ya roƙe ni bai fi ƙarfina ba. Ranar jana'iza, bakunan da suka hana shi runtsawa su ne suka yi ta cewa Allah ya ba shi hutawa. Na amsa amin tare da su, haƙorana a cije.

Nakan tambayi kaina me zai ce in ya leƙo Zuru ta yau. Zai ga dangin da a da sai sun yi doguwar tafiya kafin su zo dubiya, yanzu rashin tsaro ya koro da yawansu cikin gari, ba sa ma buƙatar kabu-kabu. Zai ga kowane mai dubiya da waya a hannu, yana haska fuskar majinyaci don ɗan'uwa na Legas ko na bariki ya gan shi, shi ma a ce ya yi dubiya. Sannan zai ga kalmarsa, wadda muka yi wa dariya, a rubuce jikin 'yan kwalabe a kemis, ana tallarta a waya wai tana hana kumburi bayan tiyata, tana gyara fata, tana gyara komai. Ina jin zai yi dariyar nan tasa ta cikin hanci, sannan ya tambayi inda aka kai masa kujerarsa.

Lahadin da ta wuce, bayan coci, aka yi zaman dangi a kan tiyatar Rifkatu. Mijinta soja ne, yana can gabas, ba a ba shi hutu ba. Wani ɗan Baba Tanko ya zaro kwalba daga aljihu yana alfahari, ya ce melatonin ne, ya gani a waya, ta fara sha tun yanzu bibbiyu, kumburi ba zai kusance ta ba. Aka yi ta sa masa albarka. Wata ma ta ce, "Ashe Sajan gaskiya gare shi." A kan tabarmar nan, kwalbar ba ta ma gama zagaya hannuwa ba, aka turo mini farin kwali da jan biro. "Malama ce ta iya jadawali." Wato sun yarda da maganar Yaya tunda ta zo a kwalba, amma duhun da shirun da ya roƙa, ko a jikinsu. Na karɓi kwalin da kwalbar duka, na tafi da su gida. Ashe tsoron nan yana nan inda na bar shi.

Washegari na raka Rifkatu gwajin jini, na ajiye kwalbar a teburin likitar da za ta yi mata aikin, mace ce sa'ar ɗaliban da na koyar. Ta juya kwalbar ta karanta, ta tura ta gefe.

"Mama, kada ta sha ko ɗaya sai da sanina," in ji ta. "Gaskiya ne ana bincike a kansa. An gwada ba masu shiga tiyata. Wasu ya rage musu fargaba, wasu gwaje-gwajen sun nuna alamun kumburi da lalacewar nama sun ragu, wasu ba su nuna wani abin kirki ba. Ba a gama magana ba. Kuma za mu ba ta magungunan sa barci masu ƙarfi, dole mai ba da su ya san duk abin da ke jikinta. Wannan kwalbar ma ba ni da tabbacin abin da ke ciki. In mun ga ya dace mu za mu ba ta, da awo." Sannan ta ƙara da cewa, "In kuna so ku taimake ni, ku bar ta ta yi barci. Mutum ɗaya a ɗaki, a kashe haske da dare, nas za ta shigo ta duba ta da 'yar tocila. Kullum sai na faɗa wa masu jinya, ba mai ji."

Ba ta san ko ni ƙanwar wa ce ba, ba ta taɓa jin sunan Kashe-Fitila ba. Na yi mata godiya na fito.

Da labari ya kai wa Baba Tanko cewa kwalin nan har yanzu fari ne, sai ya aiko a kira ni. Ya doshi casa'in, ba ya gani sosai, amma muryar tana nan. Na durƙusa na gaya masa abin da likita ta ce. Ya ce ita likitar ba ta da dangi ne? Ya ce in na tsaya a ƙofa na kori mutane, to in sani na fitar da kaina daga gayya, ranar da na kwanta ba wanda zai leƙo ni, ranar da na mutu in nemi masu haƙa mini kabari a wani gari. Wannan ba ƙaramar magana ba ce ga gwauruwa mai shekara sittin da biyar wadda 'ya'yanta duk suke nesa. Zan faɗi gaskiya, don ban ɗauki biro in wanke kaina ba. Na koma gida na shimfiɗa kwalin, na ɗora rula, na ja layi uku.

Ina kan na huɗu Rifkatu ta yi sallama, tana rungume da wani abu cikin buhu. Ta dubi kwalin, ta dube ni, ta durƙusa ta kwance buhun. Kujerar nan ce mai ƙafa uku. Ban san tana wurinta ba.

"Gwaggo, ina ɗakin ranar nan," ta ce. "Kin zaci na tafi ɗebo ruwa, ina zaune a ƙasa bayan gado. Na ji abin da Babana ya roƙe ki, na ga kin kashe, na ga kin kunna. Ban taɓa gaya wa kowa ba, kuma ban riƙe ki a rai ba, ai ni ma ban tashi na kashe ba. Amma tsoro nake ji, Gwaggo, kuma ba wuƙar nake tsoro ba." Ta ajiye kujerar a gabana da hannu biyu. "Ki yi mini wanda ba ki yi masa ba."

Shekara bakwai ina zaton daga ni sai Allah sai mamacin muka san maganar nan. Na naɗe kwalin na sa a murhu, tana kallo.

To ga abin da ya rage na Ishaku. Bai bar gidan bene ba, a asibitin ma masu tuna shi sun yi ritaya, gonar dawar da ya hana kansa zuwa asibiti dominta wasu ke noma ta yanzu. Kujera ya bari, da magana guda da ya riƙe shekara ashirin ana zaginsa a kanta. Masu bincike suna can suna auna ta a hankali, su za su faɗi inda gaskiyarta ta tsaya, kuma na san shi, da zai jira su, ba zai riga su magana ba. Ni dai nawa aikin a bakin ƙofa yake.

Mutanen Danko, mutanen Wasagu, 'yan'uwana matan zumunta, da tsofaffin sojojin da suka rage, daga Talata za ku same ni a ƙofar ɗakin Rifkatu. Na sayi sabuwar rajista irin ta makaranta. Kowa ya zo zai rubuta sunansa, wanda bai iya ba ya dangwala, in ta farka da kanta zan karanta mata ɗaya bayan ɗaya ta san kun zo, ba wanda za a manta. Kununku zan karɓa da godiya. Waƙa da addu'a ku yi su a gindin bishiyar waje, Allah zai ji daga can. Amma ba wanda zai kama mata yatsa. Baba Tanko, ina girmama furfurarka, kuma na ji maganarka. In na kwanta kada a leƙo ni, a ja ƙofa a kashe fitila, na yafe.

Fitilar nan mai caji tana wurina har yau, ban sake yi mata caji ba tun ranar da ya cika. Zan zo da ita in ajiye kusa da ni. Duk wanda ya ce lallai sai ya shiga Rifkatu ta gan shi, zan miƙa masa ita, in gaya masa abin da Yaya ya roƙe ni ranar kwana na huɗu, kalma da kalma, da abin da na yi masa. In ya ji, kuma har yanzu yana so ya wuce, to sai ya ɗaga ni daga kan kujerar.